Auna Halin Yaro: Bana, Baɗi da Bayan Shekara Talatin

A shekarun 1950, a birnin St. Louis na Amurka, wata mai binciken zamantakewa, Lee Robins, ta sami damar buɗe tsofaffin fayilolin wani asibiti da ake kai yara masu matsalar ɗabi'a. Fayilolin na yara 524 ne da aka kai wurin a shekarun 1920, akasarinsu kan sata, gudu daga gida, ƙin makaranta da yawan faɗa. Shekara talatin ta shuɗe. Yaran sun zama magidanta da matan aure, wasu sun bar gari, wasu sun rasu. Robins da abokan aikinta suka shiga nemansu ɗaya bayan ɗaya, suka haɗa da wasu mutum 100 da suka tashi a unguwanni irin nasu amma ba a taɓa kai su asibitin ba, domin a sami abin gwadawa da shi. Sun gano kusan kashi 90 cikin ɗari, kuma a 1966 sakamakon ya fito a littafi.

Abin da ta gano fuska biyu gare shi, kuma har yau mutane da yawa ɗaya kawai suke riƙewa. Ɗauki babban mutum da ya gagari kowa, yau yana gidan yari gobe yana waje, ba ya riƙe aiki ba ya riƙe aure, ka bi tarihinsa baya: da wuya ka rasa ƙuruciya mai cike da fitina. Amma idan ka tsaya a ƙuruciyar ka bi yara masu fitina gaba, sai ka tarar mafi yawansu ba su zama irin wannan mutumin ba. Duka biyun gaskiya ne, inda mai kallo ya tsaya ne ya bambanta. Alƙali da ɗan sanda da ganduroba daga ƙarshe suke kallo. Waɗanda suka lalace kaɗai ke zuwa gabansu, don haka idan suka ce ɓarawo tun yana ƙarami ake gane shi, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Yaron da ya yi sata yana ɗan shekara tara ya shiryu, yau yana da shagonsa da iyalinsa, ba abin da zai ratsa da shi ta gabansu balle ya shiga lissafinsu.

Maganin wannan kuskure guda ne, sai dai yana da tsada da cin rai. A ɗauki yara tun ba a san me za su zama ba, a ɗauke su duka, na kirki da masu ƙiriniya, a auna su da ma'auni ɗaya, a jira, a sake aunawa, a sake jira. Duk uwar da ta taɓa kai jariri awo ta san dalilin. Ɗigo ɗaya a kan katin awo ba ya gaya wa malamar asibiti abu mai yawa. Sai ɗigo ya bi ɗigo wata bayan wata sannan take ganin ko layin yana hawa, ko ya tsaya, ko ya fara gangarowa. To amma nauyi yana da sikeli. Tsiwa da ƙiwa da rashin natsuwa, da me ake ɗora su?

Amsar da masana suka tsaya a kai ba ta da wani ƙawa: a daina tambayar ko yaro "na kirki" ne, a tambayi abin da yake yi. Thomas Achenbach, wanda daga baya ya zauna a Jami'ar Vermont, ya bi fayilolin yara 600 a wani bincike da ya wallafa a 1966, yana ƙirga waɗanne alamomi ne suke zuwa tare. Sai ya ga sun rabu gida biyu manya. Akwai matsalolin da ke fita waje su dami mutane, irin su duka, ƙarya, sata da taurin kai. Akwai kuma waɗanda ke cin yaro a ciki, irin su tsoro, damuwa, keɓe kai da ciwon ciki ko ciwon kai da likita bai ga dalilinsa ba. Daga nan ya gina takardar tambayoyin da aka fi sani da CBCL. Jimloli ne gajeru sama da 100: yana yawan gardama, ba ya iya zama wuri ɗaya, yana yawan kuka, yana azabtar da dabbobi, yana mugun mafarki. A gaban kowace jimla akwai 0, 1 da 2. Uwa ko uba zai tuna wata shida da suka wuce, ya zagaye 0 idan ba haka yaron yake ba, 1 idan wani lokaci ne, 2 idan abin ya zama jiki. A Landan, Robert Goodman ya fito da wata gajera a 1997, SDQ, mai jimla 25 kacal a shafi ɗaya, biyar daga ciki kuma kan kyawawan halaye ne, kamar taimako da tausayi. Makin matsaloli a cikinta yana tashi daga 0 zuwa 40.

Makin shi kaɗai ba ya nufin komai. Yaron da ya sami 15, da yawa ne ko kaɗan? Sai an auna dubban yara sa'anninsa an jera makinsu sannan a san inda ya faɗo. A tsarin SDQ na asali an ja layi ta yadda kusan kashi 80 na yara za su faɗo a inda ba damuwa, kashi 10 a bakin iyaka, kashi 10 a inda ya kamata a duba su. Lura da cewa mutum ne ya ja wannan layi, ba halitta ba. Yaron da ke ƙasa da layin da maki ɗaya da wanda ke sama da shi da maki ɗaya, kusan abu guda ne. Haka kuma kafin a yarda da kowace takarda sai an gwada ta a kan uwa ɗaya sau biyu, mako ɗaya ko biyu tsakani. Idan amsoshin suka yi hannun riga cikin wannan ɗan lokaci, ba yaron ne ya sake ba, ma'aunin ne ba shi da tsayayyen hannu, kuma ba za a iya dogara da shi a bibiyar shekaru ba.

Sai batun wa za a tambaya, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya dakata. A 1987 Achenbach da abokan aikinsa biyu suka tattara bincike 119 da aka tambayi mutum fiye da ɗaya game da yaro ɗaya. Masu ƙididdiga suna da lambar da ke nuna yadda abu biyu suke tafiya tare: 1 tana nufin sun dace ɗari bisa ɗari, 0 tana nufin ba ruwan wannan da wancan. Tsakanin mutum biyu da ke ganin yaro a wuri ɗaya, kamar uwa da uba ko malami da malami, lambar ta kai 0.60. Tsakanin masu ganinsa a wurare daban, kamar uwa da malami, ta faɗo 0.28. Tsakanin abin da yaron ya faɗa game da kansa da abin da manya suka faɗa, 0.22.

Da farko mutum zai ce ai wani a cikinsu ƙarya yake yi, ko bai san yaron ba. Ba lallai ba ne. Yaron da ke shiru a aji saboda bulala yana iya zama mai tayar da gida, kuma wanda ke lafewa gaban mahaifinsa yana iya zama sarkin dambe a filin makaranta. Kowa gaskiyarsa ya faɗa game da yaron da yake gani. Malami yana da abin da uwa ba ta da shi, domin ya ga ɗaruruwan yara masu shekara ɗaya, ya san mene ne ƙiriniyar da aka saba da ita. Uwa tana da abin da malami ba shi da shi, ita ce ke jin firgitar dare. Damuwa da baƙin ciki kuwa, sau da yawa yaron ne kaɗai ya san da su, kuma su ne manya suka fi tsallakewa, tunda yaro mai shiru ba ya hana kowa barci. Saboda haka bincike mai kyau ba ya zaɓar mai ba da labari guda. Yana tambayar duka, kuma yana ɗaukar saɓanin da ke tsakaninsu a matsayin bayani. Akwai kuma haɗari ga mai bibiya: idan bana malami ne ya cika takarda, baɗi kuma wani malamin daban, canjin da aka gani a maki yana iya zama canjin malami ne.

Wurin da aka fi nuna abin da wannan hanya za ta iya shi ne Dunedin, wani gari a kudancin New Zealand. Yara 1,037 da aka haifa a asibitin haihuwa na garin tsakanin Afrilun 1972 da Maris na 1973 suka shiga binciken da Phil Silva ya kafa. An auna su suna da shekara 3, aka sake a 5, 7, 9, 11, 13 da 15, sannan 18, 21, 26, 32, 38 da 45. A awon farko, kowane yaro ya yi kamar minti 90 a ɗaki tare da wani ma'aikaci da bai taɓa ganinsa ba, ana ba shi 'yan ayyuka na magana da motsi da tunani. Da yaron ya fita, ma'aikacin ya zauna ya ba shi maki kan abin da ya gani: ya zauna ko ya yi ta zarya, ya jure da aikin ya yi wuya ko ya watsar, ya saki jiki ko ya yi ta ɗari-ɗari. Kusan kashi 10 na yaran sun faɗo rukunin marasa iya kame kai, kusan kashi 8 a rukunin masu tsananin tsoro da noƙewa.

A 2011 Terrie Moffitt da Avshalom Caspi da abokan aikinsu suka haɗa duk bayanan kamun kai da aka tara daga shekara 3 zuwa 11, na ma'aikata da na iyaye da na malamai da na yaran kansu, suka mai da su maki guda. Dalilin haɗawar shi ne kowane awo yana da kuskurensa, yaro ya zo da zazzaɓi, ko malama ba ta jituwa da shi, amma kurakuran ba sa karkata gefe ɗaya, don haka idan an tara su sai su cinye juna, ainihin halin ya fito. Suka raba yaran kashi biyar bisa makin, suka duba rayuwarsu a shekara 32. A cikin kashin da ya fi kamun kai, 13 cikin ɗari ne kotu ta taɓa samu da laifi. A kashin da ya fi rauni, 43 cikin ɗari. Lafiyar jiki, riƙon kuɗi da shaye-shaye duk sun bi wannan tsani, mataki-mataki, kuma bambancin bai gushe ba bayan an cire tasirin basira da arzikin gidan da yaro ya fito. Don kada a ce tarbiyyar gida ce kawai, sai suka duba tagwaye na gidaje kimanin 500 a Birtaniya, kowane biyu gida ɗaya suka tashi. Wanda ya fi raunin kamun kai a shekara 5 shi ya fi yiwuwar fara shan sigari, faɗuwa a karatu da shiga rigima a shekara 12.

Mai cewa hali zanen dutse zai ji an gaskata shi. Amma ya sake duba lambar: 43 cikin ɗari na nufin 57 ba a taɓa samunsu da laifi ba, a cikin rukunin da ya fi kowane muni. Da za a ba wani hedimasta jerin sunayen yaran nan a ce ya nuna waɗanda za su ƙare a kotu, ya nuna su duka, kuskurensa zai fi dacewarsa yawa. Alƙaluman suna da ƙarfi idan ana maganar taro, suna da rauni idan ana maganar Audu ko Binta. Gwamnati za ta iya tsara kasafi da su. Malami ba shi da hurumin yanke wa yaro ƙauna da su. Binciken ma ya nuna cewa yaran da kamun kansu ya ƙaru yayin da suke girma sun fi samun kyakkyawar makoma fiye da yadda makinsu na farko ya nuna.

Yadda ake ganin irin wannan canji a lissafi yana buƙatar awo aƙalla uku. Ɗigo biyu kullum miƙaƙƙen layi suke bayarwa, ko da tafiyar yaron ta karkace. Da uku ko fiye, ana iya ba kowane yaro lamba biyu, inda ya fara da saurin da yake hawa ko sauka, sannan a tambayi me ya sa na wannan ya sauka na wancan bai sauka ba. Dole kuma a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato matsayin yaro a cikin sa'anninsa da yawan abin da yake yi. Dan Olweus ya nuna tun 1979 cewa matsayin yara maza a faɗa yana ɗorewa kusan kamar yadda makin basira ke ɗorewa. Wanda ya fi kowa faɗa a aji ɗaya yakan kasance cikin na gaba-gaba a aji shida. Wannan bai hana a ce dukkansu, har da shi, sun rage faɗan ba.

Richard Tremblay na Jami'ar Montreal a Kanada shi ya fito da wannan fili. A 1984 ya fara bin yara maza daga makarantun unguwannin talakawa na birnin, tun suna da shekara 6, malamai suna ba da maki kan duka, harbi da ƙafa, cizo da cin zali. Abin da ake zato a lokacin shi ne yaro yana koyon faɗa ne a hankali, daga talabijin da abokai da titi, har abin ya kai ƙololuwa a tashen balaga. Tremblay ya haɗa kai da Daniel Nagin na Jami'ar Carnegie Mellon, wanda ya ƙirƙiro hanyar da kwamfuta ke tattara layukan yara masu kama da juna zuwa rukuni-rukuni. A 1999 suka fitar da sakamakon shekara 6 zuwa 15. Rukuni huɗu ne. Wasu dama ba sa faɗa. Mafi yawa sun fara da matsakaici suka sauka kusan sifili. Wasu sun fara sama suka gangaro. Kashi 4 kacal ne suka fara sama suka zauna a sama. Rukunin da kowa ke jira, na yaran da suka fara lafiya lau sannan suka koyi duka daga baya, bai bayyana ba.

Idan faɗa ya riga ya fara sauka a shekara 6, to yaushe ya hau? Tremblay ya koma baya, ya bi jarirai kimanin 2,000 da aka haifa a lardin Quebec a 1997 da 1998. Tun suna da wata 17, iyaye mata sun ba da labarin cewa akasarinsu suna ture wasu, suna ƙwace, suna duka ko cizo. Yawan abin yana kai ƙarshen hawansa tsakanin shekara 2 da 3 da rabi, daga nan ya fara raguwa. Ma'ana, ɗan Adam ba sai an koya masa duka ba. Abin da yake koya shi ne dainawa, ya yi magana maimakon ya kai hannu, ya jira, ya nemi sulhu. Saurayin da ke sara da wuƙa ya fi ɗan shekara biyu haɗari saboda ƙarfi da makami, amma a ƙirgen sau nawa ake kai hannu a rana, ɗan yaye ya fi shi. A ganina wannan na cikin manyan abubuwan da aka gano game da yara a ƙarnin da ya wuce, kuma ba yadda za a yi a gan shi da awo ɗaya. Nagin da kansa ya sha gargaɗin cewa rukunonin nan sauƙaƙawa ce ta lissafi, ba wasu ƙabilu ne da aka haifi yaro a cikinsu ba. A Dunedin ma, da aka yi irin wannan lissafi, kusan kashi 10 na maza ne suka fara fitina da wuri suka ɗore, alhali waɗanda suka fara da wuri suka daina sun ninka su fiye da sau biyu.

Wannan sauka da yara ke yi da kansu tarko ce ga duk mai son nuna cewa shirinsa ya yi aiki. A ce wata ƙungiya ta zaɓi yara talatin da suka fi kowa maki a rashin ji, ta yi musu horo na wata uku, ta sake aunawa, makin ya ragu. Za a buga rahoto, a ɗauki hoto. Amma ko ba a yi musu komai ba makin zai ragu, saboda dalili biyu. Na farko, sun ƙara girma. Na biyu, an zaɓe su ne a lokacin da suka fi muni, kuma cikin su akwai waɗanda mako mara kyau ne kawai ya jefa su jerin. Awo na gaba zai jawo su kusa da inda suka saba. Francis Galton ya bayyana wannan tun 1886 da tsawon iyaye da na 'ya'yansu. Mafita ita ce a sami rukuni na biyu da ba a taɓa ba, a raba yaran ta hanyar ƙuri'a.

Wanda yake ganin wannan tsanani ne mara amfani, ya ji abin da ya faru a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts. A ƙarshen shekarun 1930, wani likita, Richard Cabot, ya sa aka haɗa yara maza bibbiyu masu kama da juna a shekaru da gida da hali, aka jefa kwabo, ɗaya ya shiga shiri ɗaya ya zauna haka. Na cikin shirin sun sami mai ba da shawara da ke ziyartarsu a gida, da darasi na musamman, da likita, da sansanin hutu, har kimanin shekara biyar. A 1978 Joan McCord ta wallafa abin da ta tarar bayan shekara talatin a kan mutum 506. Kusan biyu cikin uku na waɗanda suka amsa tambayarta daga cikin 'yan shirin sun ce ya taimake su, wasu suna tuna masu ba su shawara da ƙauna. Takardun kotu da na asibiti kuwa suka nuna akasi: su ne suka fi maimaita laifi, suka fi shan giya, suka fi mutuwa da wuri. Waɗanda aka fi kaiwa sansanin hutu su suka fi lalacewa, abin da ya sa ake zargin tara yara masu fitina wuri ɗaya yana sa su koya wa juna. Mutanen kirki ne suka yi aikin da kyakkyawar niyya, kuma da ba don kwabon nan da aka jefa ba, da har yau ana kwaikwayonsu.

Hanyar da ta fallasa wannan ita ce kuma ta tabbatar da wani shiri mai arha a Kingston ta Jamaika. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da tamowa ta tsumburar, masu wata 9 zuwa 24, suka raba su huɗu da ƙuri'a. Wasu aka ba su madara, wasu ziyara, wasu duka biyun, wasu kulawar asibiti kawai. Ziyarar ba wani abu ba ce illa ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta zo gida awa ɗaya a mako, har shekara biyu, da kayan wasa da aka yi da hannu daga tarkacen gida. Ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta riƙa kiran sunan abubuwa, ta yabe shi idan ya yi daidai. Amfanin madarar ya dushe bayan 'yan shekaru. Na ziyarar bai dushe ba: a shekara 17 yaran sun fi ƙarancin damuwa da baƙin ciki, a 22 sun fi ƙarancin shiga mummunan faɗa, kuma kuɗin da suke samu ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan ɓuya. Ma'anar hali tana sakewa, da shekaru da kuma zamani. Kwanciya a ƙasa ana birgima abin yau da kullum ne ga ɗan shekara biyu, abin dubawa ne ga ɗan sha biyu, don haka tambaya ɗaya ba abu ɗaya take aunawa ba a tsawon bibiya. Xinyin Chen ya auna 'yan firamare a Shanghai ta ƙasar Sin a 1990, 1998 da 2002. A 1990 yaro mai kunya da kawaici shi ne abin so ga abokai, malamai suna ganinsa mai hankali, ana ba shi shugabanci. A 1998 wannan alaƙa ta yi rauni. A 2002, bayan kasuwa da gasa sun sauya birnin, irin wannan yaro shi abokai ke gudu, shi ya fi fama da baƙin ciki. Halin bai sake ba, garin ne ya sake. Duk wanda zai ɗauko takardar da aka gina a Vermont ko Landan ya kai ta gidan da sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce, sai ya fara tabbatar da cewa makin yana nufin abin da yake zato.

Duk da haka, abin da ya fi kashe irin wannan bincike ba lissafi ba ne, ɓacewar mutane ce. Waɗanda ke ɓacewa kuma ba haka kawai suke ɓacewa ba. A babban binciken Bristol na Ingila, wanda ya fara da mata masu ciki kimanin 14,000 a 1991 da 1992, an tabbatar cewa yara masu matsalar ɗabi'a sun fi fita daga binciken. Idan masu wahala suka zube, sauran sai su yi kama da al'umma mai lafiya, mai bincike ya yi murnar ƙarya. Darajar Dunedin a nan take. A awon shekara 45, mutum 938 cikin 997 da ke raye suka zo, kashi 94 ke nan. Wanda ke ƙasar waje ana biya masa kuɗin jirgi ya dawo. Wanda ke kurkuku ana bin sa can. Asirin da mutum ya faɗa kuma ba ya fita, shi ya sa suke faɗar abin da ba za su gaya wa matansu ba. A Afirka ta Kudu, binciken da ya ɗauki jarirai 3,273 da aka haifa a Soweto da Johannesburg cikin mako bakwai a 1990, jim kaɗan bayan sakin Mandela, ya riƙe kimanin kashi 70 nasu har suka balaga, a gari mai yawan ƙaura da talauci.

A Nijeriya, binciken gida-gida na MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da UNICEF yana tambayar iyaye mata ko ƙaramin yaro yana jituwa da sauran yara, ko yana duka da cizo. Abu ne mai amfani, amma kowane zagaye sababbin gidaje ake zaɓa, don haka yana nuna halin ƙasa a shekarar, ba tafiyar yaro ɗaya ba. Mai son bin yara a Kano ko Maraɗi zai haɗu da tambayoyin da ba su taso wa Silva ba. Ma'aikaciya za ta zauna a tsakar gida ta ce, "Mama, yaron nan yana yawan kuka?" Idan ɗan fari ne, uwar da ko sunansa ba ta kira tana iya kau da kai ta ce, "Lafiyarsa lau," ta yi shiru, ba don ba ta sani ba. Wataƙila ma goggo ko kaka ce ke riƙonsa, ita ce ya kamata a tambaya, kuma baɗi yana iya komawa hannun wata. Malamin da ke da yara sama da ɗari a aji ba zai iya cewa wane yana da natsuwa ba. Makin da ake fassarawa bisa shekaru yana buƙatar ranar haihuwa tabbatacciya, yara da yawa kuma ba su da takardarta, sai a yi ta lissafi da azumi da damina. Sannan ga waɗanda za su zube: yaron da aka kai almajiranci wani gari yana ɗan shekara bakwai, yarinyar da aka aurar nesa, iyalin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu. Su ne binciken ya fi buƙatar ya san yadda ta kasance da su. Tun ranar awon farko, kafin a buɗe shafin tambayoyi, sai an rubuta sunan mai unguwa, da na kawu da na gwaggo, da garin da dangin uwa suke, a kuma ware kuɗin mota da na mutumin da zai bi sawun yaro har tsangayar da aka kai shi.